Cekin Aminin Marigayi

Wayyo rayuwa! Tun hantsi Maman Biyu ke zaune kan bencin ofishin 'yan sanda, ƙafa ba takalmi, zarnin ɗakin da ake tsare mutane yana cika mata hanci... Amma duk bai kai ƙyamar da take ji ba in ta tuna wanda ya jefa ta a nan.

Aminin mijinta ne fa! Shi ya fi kowa kuka ranar rasuwar mijin, har sai da aka rirriƙe shi. Bayan wata biyar ya zo ya ce shi zai sayi motar ɗaukar kayan da marigayi ya bari, don kada bare ya cuci marayu. Da yamma, bayan bankuna sun tashi, ya miƙo mata cek, ya nemi makulli da takardun mota. Ta ce ko a bari banki ya tabbatar tukuna, sai ya ɓata rai.

"Haba matarmu, ni za ki yi wa haka? Tare fa muka tashi da shi."

Kunya ta rufe ta, ta miƙa masa.

Washegari da ta kai cekin, ma'aikaciyar banki ta jujjuya takardar, ta shige ciki, sai ga masu gadi. Cekin na sata ne, sa hannun na bogi! Da aka kira aminin, ko ƙifta ido bai yi ba, ya rantse kuɗi a hannu ya biya, bai san da wani cek ba. Kwana biyu ta yi a tsare. Ta fito ta tarar wan mijinta ya baza cewa ta cinye gadon marayu, surukarta kuma ta kwashe tagwayen, ko fuskarsu ba a bari ta gani ba... Sai ta zauna a tsakar ɗaki, ta rungume rigunansu tana kuka.

"Ya Allah, Kai ne shaidata. Ba ni da kowa sai Kai."

Wata biyu tana wankau a gidajen mutane, ana nuna ta da baki. Ashe aminin bai ƙoshi ba. Ya je sayen janareto wurin wani mai walda da irin takardar nan, mai waldan kuwa ya zaunar da shi da fara'a, ya zagaya ya kira banki. Da aka kama aminin, a jakarsa aka samu littafin cekin, ga guntun shafin da ya yaga mata har da sunanta a jiki.

Ranar da kotu ta ɗaure shi, ya durƙusa yana majina yana roƙonta. Ta ja gefen mayafinta kada ya taɓa, ta wuce.

An dawo mata da motar. A cikin banki ta sayar da ita, kuma sai da kuɗi suka zauna a asusunta sannan ta saki makulli. Ta koma gida ta iske surukarta a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Maman Biyu ba ta ma gan ta sosai ba, don tagwayen sun riga sun sheƙo a guje suna kiran "Umma!"