Abin da Tabki Ya Ba Ni

"Wane ne?"

Abin da Ilyasu ya fara ce mini ke nan, ko sallama babu. Ina tsaye cikin tabki, ruwa har gwiwa, bokiti biyu a hannuna, ina sauri in shayar da zogalen Inna kafin rana ta yi zafi. Ya turo kwale-kwalensa cikin ciyawa ya diro, ko ɗaure shi bai yi ba.

Na ce wane ne me?

"Wanda ya yi miki cikin da aka ce kin zubar."

Bokitin hannun damana ya suɓuce. Ina kallonsa yana nutsewa, na kasa sunkuyawa in ɗauko.

Ni ce Balaraba ɗiyar Malam Yusuf mai lambu, wadda duk Madarumfa aka san bakina ba ya mutuwa. Saura kwana goma sha tara a ɗaura mana aure. An kawo akwati, tela ya gama ɗinki, dangin Inna na Gabi har sun aiko su ji ranar da za su taso.

Na tambaye shi ko ya yarda. Ya ce bai ce ya yarda ba, amma Hajiyarsa ta ce, kuma Ɗelu ta ce, kuma shi kwana biyu ke nan ko loma ba ta wuce masa.

"Larabata, ki ce mini ƙarya ne kawai... in kin faɗa zan yarda."

"Da ka yarda da ni, Yaya Ilyasu, da ba ka tambaya ba."

Na fito daga ruwan na wuce shi. Ya bi ni da kira har bakin shinge, ban waiga ba. Ina kuka, amma wallahi haushi ya fi kukan yawa.

Abin da ya sa maganar ta kama ni kuwa, akwai ƴar gaskiya a gindinta. Wata biyar ke nan jikina ba daidai yake ba. Marata na ciwo, ga ƙaiƙayi, ga jini yana ɗan zuwa ba lokacinsa ba, ya tafi ya dawo. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Na sayi ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a faranti, ja da rawaya, na sha har na gaji. Ga shi jinin ya rikita mini lissafin salla, na rasa ranar da nake da tsarki da ranar da ba ni da shi. A makarantarmu ta Islamiyya, in aka tashi sallar la'asar sai in koma gefe in zauna.

Ashe akwai mai ƙirga mini.

Ɗelu ɗiyar ƙanin Hajiya ce, a gidansu Ilyasu ta tashi, kuma tun muna ƴan yara ta sa rai da shi. Ita ta zauna ta lissafa kwana ashirin da biyu ban yi salla cikin mutane ba. Ta je ta rattaba wa Hajiya cewa budurwa ba ta yin jini haka sai in wani abu ta ɓarar, ta haɗa da cewa ta gan ni ina ƙus-ƙus da mai tallar magani. Kafin la'asar ta washegari maganar ta kai kasuwar kifi.

Ranar da Ilyasu ya yi mini waccan tambaya, da yamma Hajiya ta aiko wa Babana cewa a ɗaga rana sai abin da hali ya yi. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai daina haɗa ido da ni. Inna ce ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa, ta ce in dubi girman Allah in faɗa mata. Na faɗa mata komai. Ta yi ta ce mini ke wace irin ɗiya ce, wata biyar kina fama uwarki na ɗaki ɗaya da ke?

Kwana uku ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya, in ajiye. Wayata ta yi ta ƙara da sunan Ilyasu har na kife ta cikin kwano na rufe.

Ran Litinin Inna ta sa ni gaba sai gidan likita, wajen ungozoma, wata Madam Asabe, doguwa mai tabarau, wadda ba ta san kwana-kwana ba. Na shiga na shirya wa tambayoyin kunya, na ma tanadi amsa mai zafi. Sai na ji tana tambayata ko ina shiga tabki. Na ce Madam, ai a tabki aka yaye ni. Wanki can, wanka can, ban ruwan lambu safe da yamma tun ina shekara shida. Ta tambaya ko na taɓa ganin ja-ja a ƙarshen fitsarina. Na ce wani lokaci, amma na ɗauka duk jinin ɗaya ne.

Ta ba ni ƴar kwalba ta ce in jira rana ta take tukuna, lokacin ne abin da take nema ya fi fitowa. Da aka tace fitsarin aka ɗora a madubin likita, ta kira ni da kanta ta ce in sa ido. Na ga wasu ƴan abubuwa kamar ƙwayar kankana, kowane da ɗan tsini a gindi.

"Ƙwan tsutsa ne," in ji ta. "Tsargiya gare ki."

Dariya ta ƙwace mini, Allah ya sani ba ta daɗi ba ce. Tsargiya fa? Ai wannan ciwon ƴan maza ne, yaran da ke iyo suna fitsarin jini ana yi musu tsiya an ce sun girma. Ban taɓa jin an ce mace ta yi tsargiya ba.

Madam ta ce ai tsutsar ba ta tambayar mutum mace ne ko namiji. Daga jikin ƴan katantanwar da ke cikin ruwa take fitowa, ta huda fata ta shiga ba a ji ba a gani, ta zauna cikin jijiya tana zuba ƙwai. A wajen mace ƙwan kan maƙale har a mahaifa da hanyarta, shi ne ciwon mara, da ƙaiƙayi, da jinin da ba na al'ada ba. Ta ce mata da yawa suna shan maganin sanyi shekara da shekaru a banza, kuma in abin ya daɗe yana iya kawo ɓari ko ya hana haihuwa. Ba namiji ke ba da shi ba, ruwa ne.

Ta sa Inna ta sayo mini ƙosai na ci, ta auna nauyina, ta ba ni manyan ƙwayoyi farare masu ɗan karen ɗaci na haɗiye a gabanta. Ta ce zan ji jiri da tashin zuciya, zai wuce. Ta ce in dawo a sake dubawa, kuma in na koma cikin tabki sabuwar tsutsa za ta shige ni, maganin ba ya tsare gaba. Ta rubuta takarda ta buga hatimi.

Da muka dawo gida Inna ta ce mu bari Baba ya tura manya su kai wa Hajiya takardar. Na ce to. Tana shiga kewaye na zari mayafina.

Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya turnuƙe, Ɗelu na tsugune gefenta, Ilyasu na gyaran komar kamun kifi a gindin bango. Ya rame, na gani, kuma na ji daɗin ramar. Na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa da hanci. Na miƙa takardar. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba balle ta karanta boko, kuma wanda ya rubuta ai mutum ne, ana iya roƙonsa. Ɗelu ta ce tsargiya a jikin mace, wannan kuma sabon salo.

Ilyasu ya karɓa ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya matso ya durƙusa kusa da ni a gaban uwarsa.

"Hajiya, ina shekara bakwai na nuna miki fitsarina da jini, kika yi dariya kika ce na zama namiji. Har yau bai daina ba. Ruwa ɗaya muke shiga ni da ita. In wannan ciwon abin kunya ne, na riga ta ɗauka."

Hajiya ba ta kula shi ba. Ni ta zuba wa ido, ta ce in faɗa mata yadda nake ji, ɗaya bayan ɗaya. A gaban Ilyasu! Na cije na faɗa. Ta ce me kuma likitar ta ce yana kawowa in ya daɗe? Na faɗa mata. Kifi ya fara ƙonewa, ba ta juya shi ba.

"Tashi ki tafi gida," ta ce.

Na tashi na tafi, na tabbata an gama. Ilyasu ya biyo ni yana ba ni haƙuri, yana cewa sanyin idona, ki dube ni ko sau ɗaya. Na ce masa takarda ya yarda da ita, ba ni ba, ya je ya aure ta. Na san maganar ta soke shi, da nufi na yi.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina jan ruwa a rijiyar lambu tunda an raba ni da tabki, sai ga Hajiya ita kaɗai, ta yi lulluɓi har goshi. Ta tsaya tana duban zogale kamar shi ta zo gani.

"Ɗiyata... ki raka ni wajen Madam ɗin nan. Ba na so kowa ya sani."

A bencin gidan likita, muna jiran rana ta take, ta ba ni labarin da ko Ilyasu bai sani ba. Shekara ashirin da shida tana ɗauke da duk abin da na lissafa mata. Bayan Ilyasu ta yi ɓari huɗu, daga nan haihuwa ta tsaya. Mijinta marigayi Alhaji Kanta yana zuwa cin rani Najeriya kowace shekara, sai ta yanke a ranta shi ya kwaso ciwon wajen matan banza ya kawo mata. Ya rantse, ya dafa Alƙur'ani, ba ta yarda ba. Ta yi masa girki, ta yi masa wanki, amma ba ta ƙara sakar masa fuska ba. Da zai rasu, shekara uku da suka wuce, ya kama hannunta ya ce ta yafe masa in ya taɓa saɓa mata, amma wancan abu bai yi ba. Ta zare hannunta.

Shi ya sa da Ɗelu ta kawo mata maganata ba ta tsaya bincike ba. A ganinta ta san ciwon, kuma ta san ta inda yake zuwa.

Madam Asabe ta duba ta ciki da waje, ta daɗe. Ta ce ƙwan yana nan, ga kuma tabon da ya bari na shekaru. Ta ce ita ba za ta rantse a kan abin da ya wuce ba, amma abin da ta gani ya isa ya kawo duk wahalar da Hajiya ta sha. Magani zai kashe tsutsar, tabon kuwa wani ba zai goge ba.

Hajiya ta haɗiye ƙwayoyinta ba ta ko yamutsa fuska ba. Sai da muka fito bakin titi ta dafa kafaɗata, na ji nauyinta duka a kaina.

"Ni ce na cuce ki, ba Ilyasu ba. Kwana biyu ya yi yana zarginki, ya zo ya durƙusa. Ni shekara ashirin da uku na yi, kuma ba ni da wanda zan durƙusa wa. Naki yana raye, ɗiyata. Kar ki bari ya kwana da wannan."

Ban bari ba. Na same shi a bakin tabki yana kwashe tarwaɗa, na tsaya can nesa da ruwa na ce ya fito, ni an hana ni shiga. Ya fito da gudu har yana tuntuɓe. Na ce na yafe, amma sai ya je an duba shi ya sha maganinsa, kuma in ya ƙara yi mini irin waccan tambaya sai na kifar masa da kwale-kwale. Ya ce ya ji ya yarda, yana dariya yana share ido da bayan hannu.

Ba a ɗaga rana ba. Hajiya da kanta ta bi gida-gida inda maganar ta shiga tana warware ta, ta sa Ɗelu a gaba. Ɗelu ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Washegarin tarewata da safe na nemi ango na rasa. Na leƙa zaure, na leƙa waje, na dawo na zauna, na miƙe. Raina ya fara ɓaci, na shirya masa magana. Sai can da hantsi ga shi ya shigo, ƙafafunsa butu-butu da ƙasa, idonsa ja.

Na ce daga ina, ango guda, tun asuba?

"Maƙabarta. Hajiya ce ta aike ni kabarin Babana."

Maganar da na shirya ta gudu. Na ce me ta ce ka faɗa masa?

Ya zauna a bakin gado.

"Ta ce in ce masa gaskiyarsa ce."