Baƙar Wayar Alhaji Abdulƙadir

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Ja'afaru ne ya daka tsawar, bindiga a hannu, fuska a naɗe da rawani. Direba ya taka birki, ƙiii, dab da kututturen da suka gitta a hanyar Gubuchi. Ranar kasuwar Makarfi ce, bayan azahar. Rake ya yi duhu hagu da dama.

Fasinjoji suka zube a gefen hanya. Wata mata tana salati. Saminu na kan babur, inji a kunne, yana kallon gabas da yamma.

Aikin Suhaib tattara wayoyi. Shi ne ya san su. Ya daɗe yana zaman shagon caji a tashar Makarfi, yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi, har ranar da janareto ya ƙone mai shago ya sa kwaɗo. Zaman kashe wando ya ishe shi, sai Saminu, abokinsa tun na wasan ƙasa, ya ce ya zo ga wata harka. Harkar ke nan.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a buhu. Sai ya iso kan wani mutum mai farar jallabiya da sabon haƙorin Makka, jakar alhazai a gefensa. Hannayensa biyu a ƙirji.

"Alhaji, miƙo."

"Ɗan'uwa, ga jaka, ga agogo. Wayar ma na bar muku. Memorin kawai za ka cire mini, don Allah. Mahaifiyata ce a ciki. Tare muka tafi aikin Hajji, a Madina na binne ta."

Suhaib ya sunkuya ya duba. Nokia N95 ce, baƙa wuluk. Labarinta kawai yake ji a bakin 'yan kasuwa, bai taɓa sa ta a ido ba.

"Ai wannan ba ta da memorin cirewa, Alhaji. Ta farkon ce mai 'yar ƙofa a gefe. Baƙar a jikinta yake."

Yadda ya saba yi wa kwastoma bayani, haka maganar ta fito. Sai da ya ga yatsun mutumin sun ƙara damƙewa ya gane abin da ya yi.

"To, ba zan iya bayarwa ba."

"Kai baaba, ciniki kuke yi?" Ja'afaru ya taho da sauri. "Saki!"

"Ka ji tsoron Allah, minti ɗaya—"

Tau!

Matar ta ƙwalla ihu. Jallabiyar ta fara rinewa. Ja'afaru ya ɓamɓare wayar daga hannun, ya cilla wa Suhaib.

"Mu ware! Maza!"

Babura biyu suka kutsa cikin rake.

Maɓoyarsu wata tsohuwar bukka ce ta masu dafa mazarƙwaila, can cikin ƙasar Kudan. Ja'afaru ya tattara layukan da ke cikin wayoyin ya kakkarya. Dokarsa ce, ko yaransa ba ya bari su riƙe layi. Ya juya baƙar wayar a hannu.

"Mene ne a cikinta da mutum zai ba da ransa?"

"Oga, wannan ba waya ba ce kawai." Suhaib ya tura fuskar sama, lambobi suka bayyana. Ya tura ta ƙasa, maɓallan kiɗa suka fito ta ɗaya gefen. "Kyamararta mega biyar. Bidiyonta kamar na masu ɗaukar biki, har a talabijin ana jona ta. Tana da taswira, tana nuna wa mutum inda yake. Giga takwas ne cikinta."

"To gobe ka kai wa Iliyasu a Zariya. Kada ka dawo mini da ita."

Iliyasu shi ke sayen kayansu, ba ya tambayar asali. Amma da Suhaib ya buɗe tsumman a bayan shago, sai ya ja da baya kamar ya ga kububuwa.

"Rufe! Rufe abin nan! Kana hauka ne?"

"Yaya Iliyasu, babu ko ƙwarzane a jikinta."

"Saurara, yaro. Tun ƙarshen 2006 ake labarin N95. Ba ta fito ba sai wajen Maris na bara, mai ruwan azurfa. Waccan ta fara yawa, da ita ka kawo da na karɓa. Wannan baƙar ko wata huɗu ba ta yi a duniya ba. Ni ban ga mai riƙe da ita a garin nan ba. Kuma tun safe ake zancen sabon alhajin da aka kashe a kan baƙar waya. Wa zan sayar wa? Ka goge duk abin da ke ciki, ka binne ta sai ta zama ruwan dare. Ko ka jefa ta rijiya. Fita mini."

A hanyar komawa Suhaib ya sauka kafin Hunƙuyi, ya zauna a gindin wani mangwaro. Niyyarsa ya goge. Ya shiga wurin bidiyo. Ga Ka'aba, ga taron Arfa, ga wata tsohuwa 'yar firit tana dariya da tasbaha a hannu. Na ƙarshe ya danna.

Tsohuwar ce a gadon asibiti, ta faɗa sosai. Hoton tar, har jijiyoyin hannunta ana gani.

"Ya fara, Abdulƙadir? To. Ni ce Hajo. Mairama, da ke nake. Na san na kore ki ranar da kika zo sallama. Na ce ba ni ba ke saboda kin sayar da fadamar ubanki. Ashe ba za mu sake ganawa ba." Ta yi tari. "Fadama ƙasa ce, ni ma ƙasar za ni. Na yafe miki duniya da lahira. Na yi miki addu'a a gaban Ɗakin Allah. Ke ma ki yafe mini, 'yata, bakina ya yi zafi. Allah ya yi miki albarka."

Daga bayan kyamarar aka ji namiji yana shessheƙa. Muryar da ta ce masa "ɗan'uwa" jiya.

Suhaib ya sake kallo. Ya kuma sakewa. Ya kasa gogewa.

A Gubuchi ana zaman makoki biyu a gida ɗaya. Sufeto Muhammadu Auwalu, wanda aka ɗora wa binciken, ya yi gaisuwa a zaure, sannan ya nemi ganin ƙanwar mamacin. Mairama ta fito, idanu sun kumbura.

"Ranka ya daɗe, ni ba ramuwa nake nema ba. Wayar nake so. Tun yana Saudiyya Yaya ya kira ni, ya ce Inna ta bar mini saƙo. Na roƙe shi ya faɗa mini, ya ce a'a, sai na gani da idona. Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ban sani ba ko yafewa ta yi, ko baki ta ƙara mini."

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Hajiya. In wani ya tuntuɓe ku, ku sanar da ni kafin komai."

Suhaib ya gaya wa Ja'afaru cewa Iliyasu ya riƙe wayar, ya ce a dawo mako mai zuwa. Ita kuwa tana naɗe a ƙugunsa. Abinci ya daina shiga. In ya rufe ido, yatsun nan yake gani suna damƙewa. Da ya yi shiru fa? Da ya buɗe bayanta ya yi kamar ya ciro wani abu ya miƙa masa?

Ya samo lambar a jerin sunaye: Mairama ƙanwata. Ya je Hunƙuyi wurin mai lemar buga waya. Mai lemar na zaune dab da shi yana lura da minti, babu halin fito da baƙar waya a sa mata ta ji. Ya juya baya, ya rage murya.

"Salamu alaikum. Wayar yayanki tana hannuna."

Muryar mace ta amsa.

"Wane ne kai?"

"Jibi da hantsi ki duba ƙarƙashin tabarmar liman a masallacin bakin hanya na Dandamisa."

"Ka kalla? Don girman Allah, me ta ce?"

Maganar ta fi ƙarfin baki irin nasa.

"Ki ji daga bakinta, Hajiya. Ya fi."

Ya katse.

Babur yake buƙata, kuma na Saminu ne kawai zai samu. Ya ja shi bayan bukka ya kunna masa bidiyon. Saminu ya kalla har ƙarshe, yana sosa ƙeya.

"Baaba, ka san in Oga ya ji, gawa biyu za a yi?"

"Ajiyewa kawai zan yi, mu juyo. Daga nan na bar harkar. Ka taimake ni, don zumuncin iyayenmu."

"Shi ke nan. Ni zan kai ka da kaina."

Ranar suka fita da sassafe da sunan sayo mai. Sun kusa Dandamisa, har ana hango rufin masallacin, sai Saminu ya karya kan babur cikin wata siririyar hanya.

"Ina za ka? Ga titi can!"

"Ta baya ta fi."

Suka ɓulla wata gona da aka gama sare rakenta. An banka wa busasshen ganye wuta, tana ci bal-bal. A bakin wutar Ja'afaru ne tsaye.

Suhaib ya diro ya juya zai gudu. Saminu ya riƙe masa riga.

"Ka yi haƙuri, baaba. Ni ma ina da 'ya'ya."

"Kawo," in ji Ja'afaru.

"Oga, saurara. Ba sunan kowa a ciki. Tsohuwa ce kawai take yi wa 'yarta magana. Na ajiye na tafi, ba wanda zai—"

"Kai jaki ne? Kana tsammani mace ita kaɗai za ta zo? Yanzu haka masu baƙin kaya sun cika masallacin nan. Su kama ka, ka yi waƙa da sunana. Kawo!"

Suhaib ya rungume ƙugunsa da hannu biyu.

"Ba zan iya bayarwa ba."

Tau!

Ƙafafunsa suka saki. Zafi ya cika masa ciki. Yana kwance yana gani Ja'afaru ya zaro wayar, ya ɗora ta a kan dutse, ya sauke mata gindin bindiga. Ƙwas! Ya ƙara. Ya tattara ɓaraguzan ya watsa tsakiyar wuta.

"Wayyo... Oga... muryarta ce..."

Ja'afaru bai yi ƙarya ba. Mairama ta sanar da Sufeto, kuma tun asuba mutanensa ke kwance a bayan masallacin. Ƙarar harbin ta taso su.

"Ga su can! Ku tsaya! 'Yan sanda ne!"

Ja'afaru ya buɗe wuta, ya faɗa cikin raken da ba a sare ba. Saminu ya haye babur, ya murza, tayar baya ta zame a laka. Ya miƙe da 'yar bindigarsa a hannu—tau! tau!—ya faɗi rub da ciki a kan babur ɗin, bai ƙara motsi ba.

Sufeto ya durƙusa kan Suhaib.

"Ina wayar?"

Suhaib ya nuna wutar. Suka tone da sanda. Abin da ya fito dunƙulen baƙar roba ne da ƙarfe, yana hayaƙi.

A asibiti likita ya girgiza kai, ya ce harsashin ya yi ɓarna da yawa. Suhaib, ankwa a hannu ɗaya, ya yi ta roƙon a kira masa matar. Sufeto ya aika. Da azahar ta iso, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi matsowa.

"Hajiya... na kalla. Na haddace. Ta ce ta yafe miki duniya da lahira. Ta ce fadama ƙasa ce. Ta yi miki addu'a a gaban Ɗakin Allah. Ta ce ke ma ki yafe mata."

Mairama ta yi taku ɗaya, ta tsaya.

"Kana wurin da aka kashe Yaya?"

"Ina wurin."

"Da hannunka a ciki?"

Ya rufe ido. "Da bakina."

"Yanzu kana kan gargara, kana neman wanda zai yafe maka. In da tsine mini ta yi, za ka faɗa?"

Shi kansa ya san ba zai faɗa ba.

"Wallahi tallahi, Hajiya, abin da ta ce ke nan."

"Wallahinka." Hawaye ya zubo mata. "Da ka bar Yaya ya iso gida, da ban zo ina roƙon maganar uwata a bakin ɗan fashi ba."

Ta ja mayafinta ta fita. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, yana maimaita wa ƙofar da ba kowa cewa ta yafe, ta yafe, har nas ta zo ta danne shi.

Kafin la'asar ya cika. Shi da Saminu rana ɗaya aka binne su, ba wanda ya zo daga danginsu. Ja'afaru ba a kama shi ba, bayan damina aka fara jin irin aikinsa ta wajen Ikara. Abdulƙadir ya bar mace da marayu.

Mairama kuwa ta bi alhazan da suka yi tafiyar gida-gida, daga Gubuchi har Malikanchi, tana tambaya ko akwai wanda yake ɗakin ranar da Inna ta yi magana. Kowa ya ce shi dai ya je jana'iza, amma a ɗakin daga ita sai ɗanta.