Ɓarawon Man Akori-Kura

Baba Direba ya shigo ofishin 'yan sanda da hanci a sama, ya tsaya ya gaida kabad ɗin fayil kafin ya gano inda Sufeto yake zaune.

"Yallaɓai, ana sace mini mai. Akori-kurata da ke tashi da bugu ɗaya, yanzu sai na yi gumi, kuma tanki ba ya kwana biyu. Bakanikena nake zargi. A kama shi."

Sufeto mutum ne mai son tsofaffi, ga shi da son tsoffin motoci. Ya ɗauki hularsa suka tafi gidan Baba.

Motar na tsakar gida, ta tsufa tukuf amma a goge take tas. Murfin tanki da kwaɗo, makullin na wuyan Baba. Babu alamar ɓallewa.

"Wannan lotsewar ta gaba fa?" in ji Sufeto.

"Ginshiƙin ƙofa ne ya matso," in ji Baba, ko kunya babu.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana kan keken ɗinki a baranda. Ba ta ɗago ba.

"Inna, kin ga wani ya taɓa motar?"

"Ni da mota, ɗana? Ko sitiyari ban sani ba."

Baba ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi gurnani, da kyar ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Sufeto ya kwance fulogi ɗaya, ya same shi baƙi wuluk. Ba sace man ake yi ba, motar ce ke ƙone shi.

Aka kira bakanike. Ya zo yana goge hannun da ba shi da datti.

"Ka duba ta?"

"Kaf, yallaɓai. Batir, fulogi, kafireta. Tsufa ne kawai."

"Filtar iska fa?"

Bakanike ya kalli baranda, ya kalli ƙasa. "Ita ma."

Sufeto ya buɗe murfin filtar. Wani ƙyalle ne cushe a hanyar iska, injin yana shan mai ba numfashi. Abin da ya ba shi dariya, an ninke ƙyallen da kyau, har da kalmasa a gefe don kada zare ya shiga injin. Wane ɓarawo ne ke tausayin mota haka?

Ya ɗaga ƙyallen ya kara shi da labulen falo. Fure ɗaya, launi ɗaya.

Keken ɗinki ya tsaya.

"Ku ƙyale bawan Allah," in ji Inna. "Ya gani, na roƙe shi ya yi shiru. Ni na sa."

"Ke?" in ji Baba. "Ke da ba ki san sitiyari ba?"

"Wa ke miƙo maka sifana tun muna da ƙuruciya, Malam? Kai ka koya mini cewa inji sai da iska." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Likita ya ce ka daina tuƙi, ka ƙi. Ranar da ka daki ginshiƙi, jikarmu na tsaye a wurin, ba ka gan ta ba. Na ce gara ka yi fushi da mota ka ajiye ta da kanka, da in ce maka idonka ya tafi."

Baba ya dafa bonet ɗin motar, yana shafa shi a hankali. Tausayinsa ya kama Sufeto ƙwarai.

"Baba, ga mai laifi ta amsa. In tafi da ita?"

"Wa zai ba ni abinci?" Ya zare igiyar makulli daga wuyansa, ya miƙa wa bakanike. "Ka yafe ni. Ka gyara mini ita, kai za ka riƙa kai mu unguwa. Ita kuwa wannan, ni zan tsare ta."

Ya miƙa hannu zai kama ta, hannun ya nufi wajen keken ɗinki. Inna ta matso ta sa nata a ciki.

"Mu je, Malam. A hankali, akwai matakala."