Ƙuda-Kunama a Bakin Mafeɗiya

Mafeɗiya na ta gurnani a Cibiyar Halittun Dauri ta Sabuwar Kano. Na'ura ce mai kankare dutse da zaren haske, sala-sala, tana ɗaukar hoton kowane sala kafin iska ta zuƙe ƙurarsa. In ta gama, sai ta haɗa hotunan su zama halitta tsaye a sarari. Dutsen kuwa ya tafi ke nan.

Abin da ke bakinta yau wani ƙuda-kunama ne da ya daskare cikin dutse, ƙwaro mai dogon baki da lanƙwasasshiyar wutsiya, wanda irinsa ya ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. Shi kaɗai aka taɓa tonowa da kayan cikinsa lafiya lau.

Dakta Uwani, wadda ta ƙera na'urar, ta sha gargaɗi daga abokin aikinta Farfesa Sallau, Bazazzagi. Shi ya so a leƙa dutsen daga waje a hankali, ko da zai ci shekaru. Amma da tsokana ya faɗa, irin ta Zazzagawa da Kanawa: wai Bakano ko tuwo ba ya bari ya huce. Ita ma ta ɗauka wasan ne. Ta ce kafin Zazzagawa su gama gaisawa, Kano ta gama aiki.

Kuma fa ta gama. Aka haska ƙwaron a sararin birni, girmansa kamar bijimi. Jijiyoyin fukafukai, maƙogwaro, tsokar da ke ɗaga wutsiya, komai raɗau. Masu motocin sama suka tsaya cak suna kallo. Wallahi abin alfahari ne, ba a taɓa ganin cikin ƙwaron dauri haka ba, kuma 'yar garin nan ce ta yi. Uwani sai da ta yi hawaye don daɗi.

Sallau ya daɗe yana duban tumbin ƙwaron. Cike yake da garin furen wani tsiro da ilimi bai san shi ba, abincinsa na ƙarshe. Hoto siffa kawai yake nunawa, sai an gwada garin kansa za a san tsiron.

"Dakta, kin yi abin tarihi," ya ce, ba wasa a muryarsa. "Ba ni ƙwaya ɗaya in gwada."

Uwani ta juya ta dubi farantin Mafeɗiya, inda aka ɗora dutsen. Fes yake, sai ƙyalli.