Mazon Barau da Man Kulu

Barau maharbi ne a wani ƙauye bakin kurmin Gashaka. Yana da bindiga adaka da wuƙar kugu, amma ba shi da naman da zai ciyar da baƙi jibi, ranar sunan jikansa. Ita kuma Kulu, ɗiyar ƙanwarsa, tana karatun haɗa magunguna a birni. Ganyaye masu ƙamshi take nema, ta tatso mansu ta gwada a kan cututtukan fata. Uwarta ta roƙa, Barau ya yarda ta bi shi farauta.

Da asuba suka fita. Raɓa ta jiƙa su har gwiwa, rassa suka haɗe a sama, birai na ta kuka. A bakin rafi Barau ya ga sawun mazo, laka ba ta ko rufe shi ba. Ya watsa toka ya ga inda iska ta nufa, ya juya don ya yi mata alama. Babu Kulu. Tana can baya tana murza 'ya'yan kimba tana shinshinawa.

"Kawu, wannan zai yi mai sosai."

"Mai za mu ba baƙi? Taho, don Allah."

Ta tsaya a kan masoro, ta tsaya a kan citta. Barau ya yi ta jiran ta. Da tsando suka dame su, ta fito da ƙaramar kwalba, man ciyawar shayi da ta tatsa da kanta, ta shafa, ta lakace masa a ƙeya tun bai ce komai ba. Shi da ko sabulu ba ya taɓawa in zai shiga daji.

Can sai ga mazon ƙarƙashin wata kimba, jan jiki da farin zane. Barau ya durƙusa, ya ɗana kunamar bindiga. Sai ya ji ƙugi. Ƙudan zuma ne daga kogon itace, sun biyo ƙamshin man. Ɗaya ta harbe shi a ƙeya, adaka ta tashi sama, mazo ya yi tsalle ɗaya ya ɓace. Suka ruga suka faɗa rafi, suka nutse har hanci.

Da zuman suka watse, Kulu ta ɗago, leɓenta a kumbure.

"Amma ka lura, Kawu, tsando bai ƙara cizonmu ba."

Barau ya dube ta da idon da kumburi bai rufe ba, ya juye ruwan da ke bakin bindigarsa.

Da yamma ya kwance bunsurunsa ɗaya tilo ya miƙa wa mahauci. Kulu na shanya ganyenta a tabarma, ta gane cewa Kawu ba zai sake shiga kurmi da ita ba.