Ruwan da Munir Ya Zuba a Ramin Maƙera

Rana ta faɗa bayan rumfunan kasuwar Jega, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da Munir ya kashe janareto. Shiru ya dawo zauren a hankali, kamar wanda aka kora da safe ya dawo yana leƙe. A tsakiyar zauren injin yake tsaye, injin sassaƙar ƙarfe mai bin umarnin kwamfuta, wanda masu sana'ar ke ce wa CNC. A daidai nan uwar maƙerar mahaifinsa, Ɗalha, ta zauna shekara arba'in, kafin Munir ya sa a mirgina ta bayan gida, yana cewa zamanin guduma ya wuce. Tsohon bai ce komai ba ranar. Bai ce komai ba har wata uku, sannan ya kwanta a tsakiyar damina, bai tashi ba. Yau kwana hamsin ke nan.

Wari ne ya dami Munir a yammacin nan. Farin ruwan da injin ke fesa wa haƙorinsa mai yankan ƙarfe don kada ya yi zafi, ruwa mai kama da nono, ya ruɓe a cikin tanki yana ɗoyi kamar baragurbin ƙwai. Ya cika bokiti biyu, da sauran ɗuminsa, da ɓarɓashin ƙarfe kwance a ƙasa, ya nufi bayan gida, wurin ramin da mahaifinsa ke zubar da ruwan da ya kashe jan ƙarfe a ciki.

Mahaifiyarsa, Inna Fatimatu, tana zaune bakin ɗaki da buta, cikin mayafin takaba.

"Munir, magariba ta yi. In zubawa za ka yi, yi bisimilla, ka ce a gahwara, kamar yadda babanka ka yi."

"Inna, wa zan ce ma gahwara? Tururuwa?"

Ya sheƙa bokitin farko. Ya sheƙa na biyu. Ruwan ya yi kumfa a bakin ramin, ya nutse. Sai ya ji wani ɗan sauti daga ƙasa, siriri, kamar jinjirin da aka taka wa yatsa. Ya tsaya. Ladan ya ɗaga murya. Kafin a kai ƙarshen kiran salla, wani abu mai nauyi ya faɗo a kan rufin kwano.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Ba duwatsu ba ne. Kashin maƙera ne, baƙi, mai ƙuraje, irin wanda ke taruwa a gindin wuta, kuma duk wanda aka tsinta da zafinsa. A tsakanin jifa da jifa sai a ji guduma tana sauka a kan uwar maƙera a bayan gida, a hankali, da nauyi. In an leƙa, babu kowa, sai ƙarfen nan zaune cikin ciyawa shi kaɗai.

A satin ne haƙoran injin guda uku suka karye. Wani manomin albasa daga Aliero ya kawo aikin ƙarfen injin ban-ruwansa, injin Munir ya nutsa haƙori cikin aikin har ya ci teburinsa. Munir, wanda jiya yake dariyar masu tsoron magariba, yau shi ne kan gaba wajen cewa aljanu sun shiga masa kwamfuta. Abin ya zo masa da sauƙi a baki.

Rana ta huɗu aka nemi ƙanwarsa Sakina aka rasa. 'Yar shekara goma sha tara ce, mai yawan dariya, ita ke yi wa mahaifinsu fifita a kwanakinsa na ƙarshe. A bayan gida aka same ta, tsugune a gindin uwar maƙera, hannayenta biyu suna hawa da sauka kamar mai zuga zugazugi. Idanunta a rufe, suna zubar da ruwa. Da Munir ya taɓa kafaɗarta, sai ta ɗago ta dube shi da idon da ba nata ba, ta tofar da yawu a gefen ƙafarsa.

Ta daina ci. Ta daina sha, sai abin da Inna ta ɗiga mata da cokali. A rana ta bakwai ba ta iya tsayuwa.

Malam Ya'ƙub ya iso daga Maiyama a bayan babur ɗin kabu-kabu, bayan la'asar. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, an san shi da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ta zaure ya shigo, ya tsaya a gaban injin, ya sunkuya kan tankin, ya ɗago da sauri yana toshe hanci.

"Wanga ɗoyi," in ji shi, "ko ɗan Adam kaz zuba ma shi, sai ya yi jihwa."

Aka shimfiɗa Sakina a tabarma a tsakar gida. Inna ta tallafi kanta. Munir ya riƙe ƙafafunta, ya ji su kamar kara a hannunsa. Malam ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe su. Kaji suka shige akurki da kansu. Can sai ƙirjin yarinyar ya ɗaga, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsoho, busasshiya kamar gawayi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ɗantani. Tare munka zo da Ɗalha daga Jiga Maƙera, shi bisa jaki, ni cikin buhun gawayi. Shekara arba'in muna zaune ramin ga. Bai taɓa zuba ruwa ba sai ya ce mu gahwara, mu kwashe yara. Wanga kuwa ya zo ya watsa ma jikana ruɓaɓɓen ruwa da ɓarɓashin ƙarhe cikin ido. Har yau yaron bai gani."

Munir ya ji bakinsa ya buɗe ba da shawararsa ba. "Shi ne ka karya min haƙora uku? Ka ɓata min aikin mutane?"

Dariyar da ta fito daga bakin Sakina ta sa Inna ta runtse ido.

"Jihwa, mu ne. Guduma, mu ne. Yarinya, ni ne. Amma haƙora? Kada ka liƙa muna jahilcinka, ɗan Ɗalha. Kukan ƙarhe ɗaya ne, ko guduma ko injin, kuma ina jin naka yana kuka tun ranar da kak kunna shi. Kana zaro haƙori da tsawo kamar wuyan raƙumi, shina rawa cikin aiki, kai kana kallo. Damƙe shi gajere, iyakar zurhin da za ka yanka. Kana tura shi cikin ƙarhe mai tauri da gudun da kaka yanka alminiyam. Wa yak koya maka? Ubanka da kunne shika sanin ƙarhe ya gaji."

"Ni na yi karatun abin nan," in ji Munir. "Wata tara."

"Wata tara! Manhajar taka tana zana maka hanyar da haƙori zai bi, tun daga hwari har ƙarshe, ba ka taɓa zama ka kalle ta ta ƙare ba. Ba ka taɓa barin injin ya bi hanyar cikin iska, sama da aikin, ka ga inda zai sauka ba. Ranar aikin mai albasa, a kwamhuta kac ce mahwari saman ƙarhe ne, a injin kag gwada daga ƙasa. Sai ya nutse. Sai kac ce aljanu. Tir."

Munir ya sunkuyar da kai. Ya tuna ranar. Haka aka yi.

"Ruwan kuma," muryar ta ci gaba, kamar mai taunar abu mai ɗaci. "Man ake zubawa cikin ruwa a hankali ana motsawa. Kai ruwa kaka zubawa bisa mai, ya tsinke kamar nonon da ya kwana. Ruwan ma na rijiya mai zartsi. Ba ka auna haɗi, da ido kaka yi. Baƙin man da ka tasowa sama ba ka taɓa yaɗe shi ba, ya ruhe ruwan, ya ruɓe. Ko mai sai da hura ta hi ka tsabtar ƙwarya."

"Ba darasi na zo ɗauka ba," in ji Malam Ya'ƙub. "An zalunce ka, na ji. Amma wadda kaka ciki ba ita taz zuba ba. Kai ma azzalumi ne, kuma matsoraci, da kab bar mai laihi kak kama mai rauni. Hita."

"A hidda injin, a maida uwar maƙera wurinta."

"A'a. Abincin gidan ga ne."

"To a yanka min baƙin bunsuru bakin ramin."

"Ko hwara ba a yanka maka."

Malam ya koma karatu. Jikin Sakina ya sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe a tafin Munir. Muryar ta yi gurnani, ta yi zagi, sannan ta sauko.

"Tsaya! A kwashe ƙasar ramin, a cika shi da yashin gulbi mai tsabta. Kada a sake zuba ruwan injin a ƙasa, ko nan ko wani wuri. Shi kuma ya buɗa baki ya ce a gahwara."

Malam ya dubi Munir.

"A gahwara," in ji Munir. Kalmar ta fito da ƙyar, kamar ƙaya.

"Ka ji yadda shika hwaɗinta, kamar mai biyan tara. To, na ji. Dama tahiya za ni yi. Gidan da babu maƙeri, mi zan zauna yi?"

Hasken yamma ya rage kaɗan a saman katanga. Sai kan Sakina ya juya a hankali a cinyar Inna, idanun nan suka sauka a kan Munir, muryar ta yi laushi, laushin da ya fi gurnanin ban tsoro.

"Ɗan Ɗalha. Yammacin ƙarshe da ubanka yat taka da ƙahwarshi, ka tahi masallaci, shi kuwa ya shiga zaure. Ya aza hannu bisa injin naka, ya daɗe tsaye. Sannan yah hwaɗi wata magana a kanka. Ni kaɗai nij ji. Ka bar ni cikinta zuwa magaribar gobe, in hwaɗa maka."

Munir ya ɗago kai. Wata uku ya yi yana jiran tsohon ya ce wani abu, ko zagi ne, ko albarka. Ya yi masa wanka da hannunsa, ya dubi bakin nan a rufe, ya sa shi a ƙasa da shirunsa. Kwana hamsin da bakwai yana tashi da tambayar, yana kwanciya da ita. Ga amsar nan, tsawon hannu ɗaya daga gare shi.

"Maƙaryata ne," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Ta yiwu kuma wannan karon gaskiya ce, ban sani ba. Amma dubi abin da kaka riƙe da shi."

Munir ya duba. Ƙafafun ƙanwarsa sun yi sanyi. Lallen da ta sa tun kafin rasuwar ya koɗe, ya rage a gefen farce kawai. A wuyanta wata jijiya tana bugawa a hankali, tana tsallake bugu. Inna ta sunkuya a kanta. Hawayenta kawai ke sauka a goshin yarinyar.

"Kwana ɗaya tak," in ji muryar. "Ba ka son ji? Ko tsoro kaka ji?"

"Ina son ji," in ji Munir. "Wallahi ina son ji." Ya ƙara riƙe ƙafafun Sakina. "Tahi da maganar. Hita daga jikin ƙanwata."

Sannan muryar ta yi tsaki, dogon tsaki, irin na tsohon maƙeri da aka nuna wa aikin banza.

"Ko cinikin ma ba ka iya ba."

Sakina ta yi atishawa sau uku. Jikinta ya saki. Wata iska mai ɗumi ta ratsa tsakar gidan, ta tsallake katanga ta nufi gulbi.

Ta buɗe ido a hankali. Idonta ne. Ta dubi Inna, ta dubi baƙon dattijon, sannan ta dubi ƙasa, wurin ƙafafunta, inda yayanta ya kifa goshi, kafaɗunsa suna girgiza.

"Yaya Munir," in ji ta, da ƙaramar murya, "mi ya hwaru? Wa yam mutu kuma?"

"Babu kowa," in ji shi, bai ɗago ba. "Babu kowa, Sakina. Inna, a ba ta kunu."