Tsingaron Randar Inna

A can wani zamani an yi wata maginiyar tukwane da ta gaji sana'ar daga innarta. Bayan rasuwar innar, duk tulun da ta gasa sai ya tsage. Kullum sai ta ɗauko ƙunshin tsingaron tsohuwar randar innarta, ta rungume tana kuka tana cewa, "Me ya sa sai ni?"

Ta sake gasa wani tulun, ya tsage. Ta ce, "Me ya sa sai ni?"

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "'Yar nan, wannan tambayar taki tulu nawa ta gina miki?"

Ta ce, "Ko ɗaya, Iya."

"To, nemo wata tambayar."

Maginiya ta yi tunani. Can ta ce, "Me Inna take yi wanda ni ban yi ba?"

Nan take ta tuno da ƙarar turmi kowace safiya. Ashe tsingaro Inna take dakawa ta cuɗa da yumɓu, don ya jure wuta!

Ta daɗe tana kallon ƙunshin nan, don shi kaɗai ya rage mata na Inna. Sannan ta juye shi a turmi, tana daka tana share hawaye.

Ta cuɗa garin da yumɓu, ta gina sabon tulu. Da tulun ya fito daga wuta, ta ƙwanƙwasa shi. Ya yi ƙara garau, irin ta tulunan Inna. Ta kara kunnenta a jikinsa, ta sake ƙwanƙwasawa.